Kwana Ashirin a Cikin Yashi

Duk wanda ya kafa sabon tankin kifin teku a falonsa, abu na farko da ƙwararru ke gaya masa shi ne kada ya sa kifi. Ya zuba ruwan gishiri da yashi da duwatsu, ya ɗiga amoniya kaɗan, sannan ya zauna yana kallon gilashin da ba kowa a ciki har mako huɗu ko shida. Wannan jira yana da tarihi, kuma kifaye da murjani masu yawa sun mutu kafin a gano dalilinsa.

A 1846 wata mata mai suna Anna Thynne ta ɗauko ƙananan murjani masu rai daga gaɓar tekun Torquay ta kai su gidanta a Landan. (Murjanin da muka sani a wuyan amare ƙashin wata dabba ce ta teku, waɗannan danginta ne.) Da yake jigilar ruwan teku zuwa birni na da wahala, sai ta sa mai aikinta ta riƙa sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a bakin taga kowace rana, domin iska ta ratsa shi. Daga baya ta ƙara ciyawar teku. Murjaninta sun rayu kimanin shekara uku, abin da ba a saba gani ba.

A 1850 masanin kimiyyar sinadarai Robert Warington ya gabatar da gwajinsa: kifaye biyu, tsiron ruwa, da dodon koɗi mai cinye ruɓaɓɓen ganye. Bayaninsa yana da daɗin ji. Tsiro na fitar da iskar da kifi ke shaƙa, kifi na fitar da wadda tsiro ke buƙata, shi ke nan an daidaita. Gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifaye a 1853, Philip Henry Gosse ya fitar da littafinsa The Aquarium a 1854, gidajen masu hali a Ingila suka cika da tankuna. Yayin bai daɗe ba. Ruwa ya riƙa gurɓacewa, dabbobi suna mutuwa, masu su ba su san me ya kashe su ba.

Abin da bayanin Warington ya tsallake shi ne amoniya, wadda kifi ke fitarwa ta matattarar numfashinsa, wadda kuma duk abin da ya ruɓe ke saki. A teku tana bajewa cikin ruwa mara iyaka. A tanki kuwa taruwa take yi, kuma yanayin ruwan teku na ƙara mata dafi fiye da na ruwan rafi.

Amsar ba daga masu kiwon kifi ta fito ba, daga masu fama da ruwan kwatar Faris ta fito. A 1877 Schloesing da Müntz suka cika dogon bututun gilashi da yashi da farar ƙasa, suka riƙa tsiyaya ruwan kwata ta cikinsa. Kwana ashirin amoniya tana fitowa ta ƙasa yadda ta shiga. Daga nan ta fara ɓacewa, nitret ya bayyana a madadinta. In da yashin ne da kansa ke aikin, me zai sa ya yi jinkirin kwana ashirin? Suka busa tururin kulorofom a bututun, aikin ya tsaya cik. Suka zuba ruwan da aka jiƙa ƙasar lambu a ciki, ya dawo. Wato wani abu mai rai ne ke yin aikin, kuma jinkirin lokacin hayayyafarsa ne. A ganina wannan bututu shi ne tanki na farko da aka reni ƙwayoyinsa ana lura, ko da yake ba kifi ko ɗaya a cikinsa.

Wanda ya nuna cewa aikin hawa biyu ne, amoniya zuwa nitrait, nitrait zuwa nitret, shi ne wani Robert Warington ɗin, ɗan na farko, a cibiyar binciken noma ta Rothamsted. Ya sha wahala wajen ware ƙwayoyin bai samu ba. Sergei Winogradsky ne ya ware su a Zurik wajen 1890, aka san su da Nitrosomonas da Nitrobacter.

Ilimin ya yi shekaru da dama a hannun manoma da injiniyoyin ruwa kafin ya zama ruwan dare a wajen masu tankuna. A 1961 Lee Chin Eng na Jakarta ya bayyana tsarinsa na amfani da dutsen da aka ɗebo daga teku da duk halittun da ke manne da shi. Masu sha'awar abin a Balin suka gina kan wannan, suka haɗa dutsen da haske mai ƙarfi da na'urar tsame datti ta kumfa, har murjani mai ƙashi ya fara girma a cikin gilashi. Duk da haka an daɗe ana jefa ƙananan kifaye masu juriya cikin sabon tanki domin su samar da amoniya, su sha dafin har ƙwayoyin su yawaita. Yau kwalbar amoniya da kayan awo sun wadatar, kuma ban ga uzurin mai ci gaba da waccan al'ada ba.

Sunayen da littattafan kiwo suka haddace ma sun girgiza. A 1998 bincike ya nuna cewa a tankunan ruwan daɗi Nitrospira ce ke cin nitrait, ba Nitrobacter ba. A 2005 kuma aka ware wata halitta mai cin amoniya, Nitrosopumilus maritimus, wadda ba bakteriya ba ce sam, daga rukunin arkiya take. Danginta na cikin halittun da suka fi yawa a tekunan duniya, amma a cikin tsakuwar wani tanki na gidan kifayen birnin Siyatil da ke Amurka aka fara kama ta.