Hanyar Kudu da Birnin Kano: Tarihin Yawon Buɗe Ido daga Kumbotso zuwa Tiga

Manufar wannan takarda ita ce a duba tarihin kai baƙi yawon ganin wurare a ƙasar Kano, musamman yankin da ya tashi daga Kumbotso ya bi ta Kura da Bunkure har ya dangana da Tiga. Dalili kuwa shi ne, kusan duk baƙon da ya zo Kano a cikin ganuwa ake tsare shi. A hau da shi Dala, a kai shi Kurmi da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, sa'an nan a sallame shi. Kudancin birni, inda wani babban sashe na tarihin yake kwance, sai dai ya hange shi ta tagar mota.

Ja-gorancin baƙo ba sabon abu ba ne a wurinmu. Tun zamanin fatauci akwai fatoma, watau mai masaukin da ke karɓar baƙo, ya adana kayansa, ya yi masa tafinta, ya kuma nuna masa gari. Irin wannan hannu ne ya karɓi Clapperton da ya iso Kano a 1824, haka kuma Barth a 1851, wanda ya hau Dala ya zana fasalin birnin. Abin lura shi ne, idon waɗannan matafiya bai wuce inda masu masaukinsu suka kai shi ba. Abin da aka nuna musu shi suka rubuta, abin da suka rubuta kuwa shi muke maimaita wa baƙin yau.

To, me ke akwai a kudu? Da fari akwai kufai. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Santolo, wadda kufanta ke wajen Dawakin Kudu, ta daɗe tana ja da birni, har sai da Sarki Yaji (1349-1385) ya ci ta da taimakon Wangarawa. Gaba kaɗan ga Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, da duwatsunta. Kura kuwa ba kufai ba ce, gari ne rayayye, amma tsofaffin karofinta shaida ne na wani zamani. A ƙarni na 19 Kura na cikin manyan cibiyoyin rini da bugu na ƙasar Hausa. Turkuɗinta da rawaninta mai sheƙi, wanda ake kira ɗan Kura, har cikin Sahara Buzaye suke nemansa. Marigayi Philip Shea ya yi bincike mai zurfi a kan wannan sana'a a 1975. A ganina, wanda ya ga marinar Ƙofar Mata bai ga Kura ba, ya ga kanti ne bai ga masana'anta ba.

Na zamanin Turawa ma ta wannan hanya ya shigo. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903, ta fasa Bebeji, sa'an nan ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, Sarki Alu yana Sakkwato. Jirgin ƙasa ya ƙetare kogin Calawa ya iso birni a 1911, kuma daga bakin wannan kogi, a ƙasar Kumbotso, aka fara tura wa birni ruwan famfo a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Amma in an ce gadon Turawa, sai hankalin masu ja-gora ya tafi Gidan Ɗan Hausa kaɗai, inda Hanns Vischer ya zauna ya kafa makarantar boko a 1909.

Wanda ya fara tunanin jawo baƙi kudu da gangan shi ne Gwamna Audu Bako (1967-1975). A zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Bagauda, aka fara gwajin noman rani a Kadawa, aka kuma kammala madatsar Tiga a 1974. Daga Tiga ruwa ke gangarowa da kansa ta babbar magudana, ba tare da injin turi ba, ya rarrabu cikin gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Gwamnan bai tsaya ga noma ba. Ya sa an gina otal a bakin tafkin Bagauda da wani a kan dutse a Tiga, da nufin baƙo ya kwana, ya yi yawo a kwalekwale, ya zarce dajin Falgore ya ga namun dawa. Wannan tsari bai ɗore ba. Otal ɗin Bagauda ya koma makarantar horar da lauyoyi, dajin Falgore kuwa ɓarayin shanu suka mai da shi maɓoya a wajen 2015.

A nan ne nake so malamai su tsaya su yi nazari. Aikin noman rani ya kawo arziki, ba mai musun haka: alkama da tumatir da shinkafa sun mai da Kura kasuwar da ake zuwa daga nesa. Amma ruwan Tiga ya ci ƙauyuka, an ta da mutanensu, kuma da aka zo baje ƙasa domin jan magudanai an sake yanka gonaki, tsofaffin iyakoki da itatuwan da ake gane wuri da su suka tafi. Ja-goran da zai tsai da baƙo a bakin magudana ya ce masa dubi kore a tsakiyar rani, bai kuwa gaya masa abin da ke ƙarƙashin ruwan ba, ya ba shi rabin labari.

Masu sauran rabin kuwa tsofaffi ne, waɗanda suka ga tashin da idonsu suna samari. An haura shekara hamsin ke nan. Ɗalibanmu na sashen Tarihi da na Hausa suna iya zama da su a Kura da Bunkure da Rano, su ɗauki maganarsu, su rubuta sunayen unguwannin da suka nutse da na karofin da aka cike, tun ana samun mai nunawa da yatsa.