Tabkunan cikin duwatsun Abzin: abin da mai son tafiyar yini a ƙafa ya kamata ya sani

Mutumin Adar ya san dutse, ya kuma san tabki, amma bai saba ganinsu wuri guda ba. A Badagishiri dutse yana sama a bushe, ruwa yana ƙasa cikin fadama inda ake noman rani. Manyan tabkunan jihar Tawa ma haka suke: na Tabalak da na Ɗan Dutsi, waɗanda aka sanya cikin jerin Ramsar na wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya a 2005, duk a kwari suke kwance. Wanda ke son ya kutsa cikin duwatsu da ƙafarsa, ya tarar da ruwa a tsakiyarsu, ya komo masauki kafin dare, sai dai ya nufi arewa, zuwa Abzin, wanda taswira ke rubutawa Aïr.

Irin wannan tafiya ita ce Faransawa ke kira randonnée. A duwatsun Alf na Turai mutane kan tashi daga garin Shamoni su hau zuwa Lac Blanc, tabkin da ke sama da mita 2,300 bisa teku. Tabkunan can ƙanƙara ce ta ƙwaƙule gurbinsu tun zamanin da, ita ce kuma ke narkewa ta cika su kowace shekara. Namu dabam suke.

Yadda ruwa ke zama a dutse

Abzinawa na kiran irin wannan ruwa agelmam, littattafan Faransanci kuma su ce guelta. Ruwan sama kaɗan ne a Abzin, kuma kusan duka yakan sauka tsakanin Yuli da Satumba. Da yake dutse ba ya shan ruwa kamar jigawa, duk abin da ya zubo sai ya gangaro lokaci guda ta tsagogi, ya faɗo da ƙarfi, ya haƙa rami a gindin gangaren. Bayan ƙorama ta ƙafe, ruwan ramin yakan saura. Abu biyu ke tsare shi: inuwar bangon dutsen da ke hana rana tsotse shi, da kuma idon ruwa da ke tsattsafowa daga ƙarƙashi a wasu wuraren. Mai idon ruwa yakan kai shekara, marar shi kuwa ya ƙafe da bazara.

Mafi shahara shi ne na Timiya. Garin yana arewa maso gabas da Agadas, tafiyar kilomita kamar 220 a hanya marar kwalta wadda sai mota mai ƙarfi. Garin Kel Owe ne, mutanen ayarin gishirin Bilma, waɗanda kakanninsu suka daɗe suna kai gishiri da dabino ƙasar Hausa su komo da hatsi, don haka Bahaushe ba ya rasa mai jin maganarsa. An san Timiya da garake na lemo da rumman da dabino. Kilomita kamar 3 daga gari ruwa ke faɗowa daga baƙin dutse zuwa cikin tabkin. Bayan damina faɗuwar na da ƙarfi, da rani kuwa ta rage ƙwarai, amma tabkin yana nan. Tafiyar ba ta da wuya, ko dattijo mai lafiya zai yi ta da safe. Mai sauran ƙarfi ya ƙara da hawa tudun da ke kallon gari, inda Faransawa suka gina ganuwar soja da ake kira Fort Massu a shekarun 1950. Daga nan ake ganin kore shar na garake a tsakanin baƙaƙen duwatsu.

Bagzan wani al'amari ne dabam. A kansa ne ƙololuwar Idukal-n-Taghes take, mita 2,022, wuri mafi tsawo a Nijar. Ana hawansa daga ɓangaren Tabelot ta ƙunƙuntar hanya mai tsaye wadda jakuna ke bi da kaya. A sama akwai ƙauyuka da garake da idanun ruwa. Manomin albasar Adar zai yi mamakin ganin albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa a wannan tsawo. A ganina, wanda bai saba ba kada ya ɗauki Bagzan a matsayin tafiyar yini: hawa kaɗai na cin sa'o'i, gara a yi shirin kwana.

Lissafin lokaci da na ruwa

Masu hawan dutse suna da lissafi mai sauƙi: awa ɗaya ga kowace kilomita 4, a ƙara wata awar ga kowace mita 300 zuwa 400 ta hawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a lissafa zuwa a manta da komowa, alhali a gangara ne gwiwa ke gajiya kuma a nan aka fi zamewa. A tashi bayan sallar asuba, a tsaida lokacin juyowa tun kafin a tashi, ko an kai ko ba a kai ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sai dai iska na raguwa da kusan digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau, kuma daren hunturu a kan Bagzan yakan kai ruwa ya daskare. Rigar sanyi ba ado ba ce a can. Ruwan sha kada ya kasa lita 4 ga mutum guda, ko da tabki aka nufa, saboda dabbobi na sha a cikinsa, sai an tafasa ko an tace. Silifas ba takalmin dutse ba ne.

Babban haɗarin kuwa ruwan ne kansa. Ƙorama na iya tasowa a wurin da ko ɗigo bai sauka ba, saboda an yi ruwan a can saman dutse. Mutanen Agadas ba su manta da farkon Satumban 2009 ba, lokacin da ƙoramar Telwa ta afka wa gari ta rushe dubban gidaje. A cikin tsagin dutse babu wurin gudu. Da damina kada a yada zango a cikin ƙorama komai laushin rairayinta, kuma in aka ga hadari a kan duwatsu, a hau tudu tun ba a ji rugugi ba. Mutumin Badagishiri da ya ga yadda gulbi ke yanke hanya bayan ruwan dare ya riga ya san rabin wannan darasi. Tsalle cikin tabki daga kan dutse ma ganganci ne: zurfinsa na canzawa kowace shekara gwargwadon yashi da duwatsun da ambaliya ta zuba, ga sanyin ruwan da ke ɗaure jijiya.

Hanya da tsaro

Daga Badagishiri a kama kwalta zuwa Tawa, a bi ta Tabalak da Abalak zuwa Agadas, kilomita kusan 400 daga Tawa. A shekarun baya jiragen sama na kawo Turawa masu yawon buɗe ido kai tsaye Agadas, kuma UNESCO ta sanya gandun Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya a 1991. Tawayen 2007 zuwa 2009 da sace ma'aikata a Arlit a Satumban 2010 suka karya wannan kasuwa, ƴan jagora da yawa suka koma wasu sana'o'i. A lokacin tawayen an binne nakiyoyi a wasu hanyoyin yankin, shi ya sa ba a barin hanyar da mutanen wurin ke bi. A nemi labarin halin da ake ciki daga hukumomi a Agadas kafin a tashi, a ɗauki jagora ɗan gari, a kuma shaida wa mai masauki inda aka nufa da lokacin komowa, tunda salula ba ta kamawa a mafi yawan kwazazzabai.

Abin da baƙo ya zo kallo, ga makiyayi rijiya ce. Awaki da raƙuma da jakuna a nan suke sha, haka ma birai da ragon dutse in mutane sun watse. Ba a wanka da sabulu ko wanki a cikin tabkin, sai a ɗebi ruwa a koma gefe. Leda da gwangwani a komo da su gari. In an tarar da mata suna shayar da dabbobi, a yi sallama, a dakata su gama, kuma kada a ɗaga salula a ɗauki hotonsu sai sun yarda.