Asalin Inshorar Ganin Likita ga Tsofaffi a Amurka

Mai karatu ya fi saba jin kalmar inshora a bakin direbobi, game da mota. A nan muna nufin wata iri dabam, watau kuɗin da jama'a ke tarawa tun suna lafiya domin a biya wa wanda ciwo ya kama. Majinyata kuwa iri biyu ne: akwai wanda a ke kwantarwa a asibiti, akwai wanda ya ke zuwa a duba shi ya koma gida. Tsoho ya fi zama na biyun, gama hawan jini da ciwon sukari zirga-zirgar shekaru su ke so, ba kwanciyar mako guda ba. Ga shi kuwa sa'ad da Amurka ta zo yi wa tsofaffinta doka, wannan zirga-zirga ba ta cikin shirin farko.

Cikin Nuwamba 1945 Shugaba Truman ya nemi Majalisa ta kafa inshorar lafiya ga dukan mutanen ƙasa. Ƙungiyar Likitocin Amurka ta tashi tsaye, ta ce wannan gurguzu ne, ta kashe dukiya mai yawa wajen farfaganda har maganar ta mutu. Sai masu goyon bayan Truman suka rage buri. Suka ce a tsaya kan waɗanda suka kai shekara 65, a biya kuɗin gadon asibiti kaɗai, kada a taɓa ladan likita, don kada a sake tsokano likitoci. Shirin da aka yi ta kai wa Majalisa ke nan a zamanin Kennedy, ana kayar da shi.

Zaɓen 1964 ya ba jam'iyyar Shugaba Johnson babban rinjaye, 'yan hamayya suka ga dokar za ta wuce ko da su ko ba su. Sai suka koma kushe ta da cewa ta yi kaɗan: ina amfanin biyan gado in ba a biya mai dubawa ba? Wani ɗan majalisa na jam'iyyar Rifablikan, John Byrnes, ya kawo nasa shiri wanda ya haɗa da ladan likita, amma shiga sai wanda ya ga dama, kuma sai ya riƙa ba da kasonsa kowane wata. Likitoci ma suka kawo nasu, na taimakon tsofaffi matalauta ta hannun jihohi. Cikin Maris 1965 Wilbur Mills, shugaban kwamitin haraji na Majalisar Wakilai, ya yi abin da ba wanda ya zata. Maimakon ya zaɓi ɗaya, sai ya ɗora ukun bisa juna. Na Gwamnati ya zama Sashen A na Medicare, daga na Byrnes aka fid da Sashen B, na likitoci kuwa aka faɗaɗa shi ya zama Medicaid. Ran 30 ga Yuli 1965 Johnson ya sa hannu a garin Independence, jihar Misuri, aka fara rubuta sunan Truman, lokacin yana da shekara 81.

Wanda ya san wannan asali ba zai yi mamakin siffar Sashen B ba. Sashen A daga harajin albashi a ke biyansa, Sashen B kuwa saye a ke yi. Da aka fara aiki ran 1 ga Yuli 1966, tsoho na ba da dala 3 a wata, Gwamnati ta ƙara 3. Dala 50 na farko a kowace shekara daga aljihunsa za su fito, sa'an nan a biya masa kashi 80 cikin ɗari, shi ya cika 20. Cikin 2025 kuɗin wata ya kai dala 185, na farkon shekara 257, amma kashi 20 ɗin nan yana inda Mills ya bar shi, kuma a ainihin tsarin ba a yanka masa iyaka ba. A ganina nan ne babban rauni. Kashi 20 na ladan ganin likita sau ɗaya ba wani abu ba ne. Kashi 20 na maganin sankara da a ke ɗura wa mutum wata da watanni yana iya cinye abin da ya tara a rayuwarsa. Shi ya sa da yawa ke sayen ƙarin inshora a wurin kamfanoni. Har ila yau, tun da shiga ganin dama ne, aka sa tara don kada mutum ya jira sai ya kwanta: wanda ya yi jinkiri ba da hujja ba, ana ƙara masa kashi 10 saboda kowace shekarar jinkiri, muddin yana ciki.

Likitocin da suka yaƙi dokar kuwa ba su yi hasara ba. Don a lallashe su, aka yarda a biya su gwargwadon abin da suka saba karɓa, farashi ya yi ta hawa, sai cikin 1992 aka fara aiki da jadawalin lada da dokar 1989 ta tsara. Maganin da tsoho ke saye ya sha a gida bai shiga ba sai da dokar 2003, wadda ta fara aiki cikin 2006. Gyaran haƙori na yau da kullum, da tabarau, da na'urar ƙarin ji, dokar 1965 ta ware su, Sashen B bai ɗauke su ba har yau.