Yadda kasafin kuɗin jiha ke zama doka, da inda kuɗin ke fitowa

Daga watan Oktoba zuwa ƙarshen Disamba, da wuya mako ya wuce ba a ji gwamnan wata jiha ya je Majalisar Dokoki da kundin kasafin kuɗi ba. Za a ambaci biliyoyin naira, a laƙaba wa kasafin suna mai daɗin ji, 'yan majalisa su tafa, a watse. Abin da ya kamata ma'aikaci da ɗan kasuwa su riƙe shi ne, adadin da aka ambata a ranar ba kuɗi ne da ke ajiye a asusu ba. Ƙiyasi ne na abin da gwamnati ke sa ran samu, tare da neman izinin kashe shi. Tsakanin wannan ƙiyasi da albashin da zai shiga asusun malamin makaranta, ko kwalbatin da za a gina a bakin kasuwa, akwai matakai da dama, kuma a yawancinsu Majalisar Dokokin Jiha ce ke riƙe da mabuɗi.

Abin da Kundin Tsarin Mulki ya tanada

Sashe na 120 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce duk kuɗin da jiha ta samu za su shiga babban asusunta, kuma ba za a cire ko sisi ba sai da izinin doka. Sashe na 121 ya ɗora wa gwamna alhakin gabatar wa majalisa ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa kafin shekarar kuɗi ta fara, wato kafin 1 ga Janairu. Idan shekara ta shiga ba a zartar da kasafin ba, sashe na 122 ya ba gwamna damar ci gaba da kashe kuɗi na tsawon wata shida, amma bisa ma'aunin abin da aka amince da shi a daidai wannan lokaci na shekarar da ta gabata. Shi ya sa jinkirin kasafi ba ya hana biyan albashi. Sababbin ayyuka ne ke tsayawa.

Majalisun kansu ba su da yawan mambobi. Sashe na 91 ya ƙayyade cewa kada su gaza 24, kada kuma su haura 40. Kano da Legas suna da 40, Kaduna da Katsina 34, Jigawa da Sakkwato 30, Zamfara da Yobe 24.

Bayan gwamna ya gabatar, ƙudurin zai bi karatu na ɗaya da na biyu, sannan a miƙa shi ga kwamitin kasafi. A nan ne kwamishinoni da shugabannin hukumomi ke zuwa kare kasafinsu gaban kwamitoci, kuma a nan ne ake yin ainihin aikin, ko da yake shi ne matakin da ya fi ƙarancin 'yan kallo. Wasu majalisu sukan shirya zaman jin ra'ayin jama'a, inda ƙungiyoyin 'yan kasuwa, na ƙwadago da na masu buƙata ta musamman ke da damar gabatar da takarda. Majalisa na iya ragewa, tana iya ƙarawa. A Kano, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya gabatar da kasafin 2025 na kimanin naira biliyan 549, amma wanda majalisa ta zartar ya haura biliyan 719. Bayan karatu na uku, gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, sashe na 100 ya ba majalisa ikon sake zartar da ƙudurin da rinjayen kashi biyu cikin uku, ya zama doka ba tare da sa hannunsa ba. Kuɗin da suka taso a tsakiyar shekara kuwa, sai an kawo ƙwarya-ƙwaryar kasafi, shi ma ya bi wannan hanya.

Wannan iko ba ƙarami ba ne a rubuce. A aikace, majalisar da jam'iyyar gwamna ta mamaye ba kasafai take yi masa gardama ba, har akwai lokutan da ake zartar da kasafin ɗaruruwan biliyoyi cikin 'yan kwanaki. Gyaran Kundin Tsarin Mulki na 2018 da na 2023 ya ba majalisun jihohi 'yancin cin gashin kai ta fuskar kuɗi, domin kada ɗan majalisa ya riƙa jiran sa hannun gwamna kafin a sayo man janareto. Ko hakan ya sauya halin majalisun, kowa ya dubi ta jiharsa.

Rijiyoyi uku

Kuɗin jiha daga wuri uku suke fitowa: kason Asusun Tarayya, kuɗin shiga na cikin gida, da bashi ko tallafi daga waje.

Kason tarayya shi ne babba ga kusan dukkan jihohin Arewa. Kwamitin FAAC yana zama kowane wata ya raba abin da ya shiga asusun: kashi 52.68 cikin 100 ga Gwamnatin Tarayya, 26.72 ga jihohi, 20.60 ga ƙananan hukumomi 774, bayan an cire kashi 13 na jihohi masu arzikin mai daga kuɗin ma'adinai. Harajin VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a watan Fabrairun 2020, yana da nasa tsarin rabon. A da, tarayya na ɗaukar kashi 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Sababbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025 sun mayar da kason tarayya 10, na jihohi 55. A tsakanin jihohin kuma, rabin kuɗin ana raba shi daidai-wa-daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kaya ko hidimar. Wannan kashi na ƙarshe shi ne abin da aka fi tayar da jijiyar wuya a kai, domin daftarin farko ya nemi a ba shi kashi 60, gwamnonin Arewa kuma suka ƙi.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira, kason da jihohi ke karɓa ya ƙaru ƙwarai a lissafin naira. Shi ya sa kasafin jihohi ya kumbura. Sai dai buhun siminti da litar dizal su ma sun tashi, don haka kasafin da ya ninka na shekara uku baya ba lallai ne ya gina ninkin ajujuwa ba.

Bashi kuwa sai majalisa ta amince kafin a ci, kuma wannan ne wurin da sakacinta ya fi tsada. Bashin waje ana cire shi ne kai tsaye daga kason jiha kafin kuɗin su iso. A watan Maris na 2024, Gwamna Uba Sani na Kaduna ya bayyana cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, kuma daga biliyan 10 da jihar ta samu a watan, biliyan 7 sun tafi biyan bashi. Bashin da aka ci da dala lokacin da take ƙasa da naira 500, yanzu ana biyansa da dala mai tsadar fiye da naira 1,000.

Wane haraji ne na jiha?

Babban harajin jiha shi ne na kuɗin shigar mutum. Na ma'aikaci ana cire shi daga albashi kafin ya iso hannunsa, kuma yana zuwa ne jihar da mutum yake zaune, ba jihar da ya fito ba. Ma'aikacin tarayya da ke zaune a Kano, hukumar tara haraji ta Kano ce ke karɓar nasa. Ɗan kasuwa mai zaman kansa kuwa, ana yi masa ƙiyasi kai tsaye bisa ribarsa ta shekara. Jiha ce ke karɓa, amma Majalisar Tarayya ce ke yanka ma'aunin, don haka majalisar jiha ba ta da ikon ɗaga shi ko sauke shi. A ƙarƙashin dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara babu haraji a kai, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, ma'aunin kuma yana hawa har ya kai kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Mai zaman haya yana iya neman rangwamen kashi 20 na kuɗin hayarsa, iyakar naira 500,000. Wannan sauƙi ne ga ƙaramin ma'aikaci, amma giɓi ne ga jihar da mafi yawan masu biyan harajinta ƙananan ma'aikata ne, kuma daga wani wuri za ta nemi cike shi.

Wannan wuri shi ne sauran kuɗaɗen da majalisar jiha ke da hannu a kansu: rajistar wurin kasuwanci da sabunta ta, lasisin ababen hawa, kuɗin ƙasa na filayen birni, da harajin kasuwannin da jiha ta gina da kuɗinta. Dokar jerin haraji ta 1998 ce ta shimfiɗa wannan rabo, ta bar wa ƙananan hukumomi kuɗin rumfa da shago, na mayanka, na tashar mota, na amalanke da baro, na allon talla, da jangali. Dokar ta kuma haramta kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Duk direban da ya ɗauko albasa daga Aliero ko shanu daga Maigatari zuwa Kudu ya san yadda wannan haramci yake a aikace.

Koken ɗan kasuwa ba kasafai yake kan girman haraji ɗaya ba. Yawan masu karɓa ne: wannan ya zo da rasit na jiha, wancan na ƙaramar hukuma, na uku da sunan tsaftar muhalli, a kan rumfa ɗaya. Maganin da jihohi da dama suka ɗauka shi ne tattara dukkan haraji da kuɗaɗe cikin doka guda mai ɗauke da adadin kowanne. Kaduna ta yi haka a 2016, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda aka fara a 2018, ya sa wannan cikin sharuɗɗan samun tallafinsa, tare da wallafa kasafi da rahoton aiwatar da shi a intanet. Amfanin irin wannan doka ga mai shago a bayyane yake: kuɗin da ba ya cikin jadawalinta, babu hurumin karɓarsa, kuma yana da ikon ya nemi a nuna masa layin da aka dogara da shi.

Haraji a Arewa tsohuwar magana ce ta siyasa. Cikin matakan farko da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka ɗauka a 1979 har da soke haraji da jangali, saboda yadda talakawa suka daɗe suna kallonsu a matsayin alamar zalunci. Wannan tarihi na cikin dalilan da suka sa har yau gwamnoni ke taka-tsantsan da kalmar, ko da yake ratar da ke tsakani babba ce: a 2023 Legas kaɗai ta tara sama da naira biliyan 800, kimanin kashi ɗaya cikin uku na abin da dukkan jihohi da Abuja suka tara.

Tallafin da ke cikin doka da wanda ke bakin gwamna

A watan Agustan 2023, Majalisar Tattalin Arzikin Ƙasa ta sanar da tallafin naira biliyan 5 ga kowace jiha don rage raɗaɗin cire tallafin mai, kashi 52 kyauta, kashi 48 bashi da za a biya. An raba shinkafa da masara, an ɗauki hotuna, ya wuce. Irin wannan tallafi yana da amfani a ranar yunwa, amma ba shi da layi na dindindin a kasafi, ba shi da ƙa'idar wanda ya cancanta da kowa zai iya karantawa, kuma babu wanda zai iya zuwa kotu ya ce an hana shi haƙƙinsa.

Akwai wani nau'in da majalisa ke kafawa da doka. Jigawa ta fara biyan masu buƙata ta musamman alawus na naira 7,000 a wata tun zamanin Sule Lamido, shirin kuma ya tsallake sauyin gwamnati da na jam'iyya. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, ta kuma kafa hukumar taimakekeniyar lafiya da dokar 2016, wadda ake cire wa ma'aikata wani kaso daga albashi domin ta. Ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Yulin 2024, bai shiga aljihun ma'aikacin jiha ba sai da kowace jiha ta sama masa gurbi a kasafinta. Doka ba ta tabbatar da cewa za a saki kuɗi, amma tana ba mai ƙorafi abin riƙewa, tana kuma tilasta wa gwamnatin da ke son soke shirin ta dawo majalisa a bainar jama'a.

Ƙananan hukumomi, waɗanda su ne mafi kusa da asibitin sha-ka-tafi da makarantar firamare, sun daɗe suna karɓar kasonsu ta asusun haɗaka da jiha ke kula da shi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyansu kai tsaye, kuma kada a ba ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓun shugabanni ke jagoranta ba. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa.

Bayan sa hannu

Sa hannun gwamna ba ya fitar da kuɗi. Kowace ma'aikata sai ta nemi a sakar mata, kuma idan kuɗin shiga suka gaza ƙiyasi, albashi da biyan bashi ake fara sallama, manyan ayyuka su jira. Saboda haka labarin cewa an ware wa ilimi kashi 30 ko lafiya kashi 15 rabin labari ne. Sauran rabin yana cikin rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku, wanda jihohi da yawa ke wallafawa a shafin ma'aikatar kasafi ko ta kuɗi. A can ake ganin abin da aka ware a gefe ɗaya, abin da aka kashe a ɗaya gefen.

Sashe na 125 ya ce Babban Mai Binciken Kuɗi na Jiha zai miƙa rahotonsa ga majalisa cikin kwana 90 da karɓar bayanan Akanta-Janar, kwamitin kula da asusun gwamnati kuma ya duba shi. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisa ikon bincike, da kiran kowane jami'i ya zo da takardu, har da bayar da sammacin kamo wanda ya ƙi amsa kira. Ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta ma'aikata da ke da koke kan wani haraji, ko kan aikin da aka sa a kasafi ba a yi ba, tana iya rubuta takardar koke ta hannun ɗan majalisar mazaɓarta ko ofishin Akawun Majalisa, a karanta ta a zaure, a miƙa wa kwamitin sauraron ƙorafe-ƙorafen jama'a. Lokacin da ya fi dacewa da hakan shi ne makonnin kare kasafi, kafin a rufe lissafin shekara mai zuwa.