Tarihin Goge Da Gurmi Da Masu Haɗa Su

Mu mazauna Mpape akasarinmu neman abinci ne ya kawo mu, wasu tun lokacin da gwamnati ta taso daga Ikko ta dawo Abuja a watan Disamba na 1991, wasu kuwa fasa dutse da tireda suka jawo su daga baya. 'Yan'uwanmu Gbagyi da muka tarar suna riƙe da tarihinsu. Mu da muka baro Kano da Katsina da Zamfara da Maraɗi, ya kamata mu ma mu riƙa tuna wa 'ya'yan da aka haifa a nan abin da muka baro. A wannan fitowa za mu duba wata tsohuwar sana'ar hannu, wato haɗa kayan kiɗa masu tsirkiya.

Mun sani malamanmu sun daɗe suna da magana a kan wasu kaɗe-kaɗe, musamman goge da garaya, saboda alaƙarsu da bori tun kafin jihadin 1804. Wannan fage na malamai ne, mun bar musu. Abin da muke magana a kai shi ne aikin hannu da tarihinsa.

Mu fara da goge. Mai haɗa shi yakan nemi ƙwarya wadda ta ƙosa ta bushe sarai, mai kauri, marar tsaga. Sai ya jiƙa fatar guza ko ta damo, ya ja ta a bakin ƙwaryar tana da danshi, ya kafe ta, domin in ta bushe ta ɗaure kanta tamau. Sannan ya huda 'yar ƙofa a jikin fatar inda murya za ta riƙa fita, ya ratsa sanda ta cikin ƙwaryar, ya ɗaura tsirkiya ta gashin wutsiyar doki. Ɗan iccen da ke ɗauke da tsirkiya a kan fata shi ake kira jaki, kuma da ya goce kaɗan sai muryar gogen ta canja. Abin gogawa shi ma gashin doki ne, ana shafa masa ƙaro don ya kama. Kukuma ƙanwar goge ce. Gurmi kuwa da yatsa ake kaɗa shi, an fi saninsa a fagen kokawa, garaya kuma ta maharba ce tun asali.

Bayan an buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, sai waɗannan kaya suka shiga kowane gida. Manyanmu ba su manta kukumar Garba Supa da Ahmadu Doka da Ali Makaho ba, ko gurmin Haruna Uji na Haɗejiya. Shi kuwa Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukur a 1946 ya rasu a 2015, kuntiginsa gwangwanin kifi ne kawai aka rufe da fatar akuya, da tsirkiya guda ɗaya tal, amma da shi ya zaga ƙasashen duniya har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. A Nijar ma an yi Malam Maman Barka mai gurmi, wanda ya rasu a 2018.

To, bari mu leƙa waje mu ga yadda wasu suka yi da irin wannan sana'a. Masana tarihi sun tabbatar da cewa banjo ta Amurka jikar kayan kiɗan Afirka ta Yamma ce, bayi ne suka fara haɗa ta da duma da fata a tsibiran Karibiyan. A can Amurka ɗin, wajen shekarun 1890, wani mai suna Orville Gibson a garin Kalamazu ya fara sassaƙa fuskar jita tana da doro, kamar ta gogen Turawa, maimakon a bar ta shimfiɗe. An kafa kamfani da sunansa a 1902. Daga baya John D'Angelico ya buɗe shagonsa a birnin Niyok a 1932, kuma kafin ya rasu a 1964 ya haɗa jita fiye da 1,100, yana rubuta lamba da sunan mai saye a littafinsa. Yau masu tara tsofaffin kaya suna biyan dubban daloli a kan guda ɗaya. Kafin su saya sai sun duba ko itacen ya tsage, ko wuyan ya karkace, ko an taɓa sake fenti, don a wurinsu wadda ba a taɓa ba ta fi daraja.

Mu 'yan kasuwa mun san dalili. Kaya mai shaida shi ke da farashi. Masu haɗa namu ba su saba sa suna a jikin kaya ba, sau da yawa ma makaɗin da kansa yake haɗa abinsa, ya koya wa yaronsa da baki. In ya rasu, sai gogen ya koma bayan ɗaki, gara ta ci ƙwaryar, ɓera ya ci fatar. Turawa biyu, David Ames da Anthony King, su suka tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da sassansu cikin littafi a 1971. Yanzu kuwa fiyano ta cinye kasuwar biki, zaren roba ya maye gurbin gashin doki, guza ma ya yi wuya a daji.

Saboda haka muna kira ga duk wanda ke da irin wannan kaya na gado a Mpape, kada ya yar. Daminar Abuja ta fi ta gida tsawo, danshi yakan saki fata ya sa ta fumfuna, hunturu kuma yakan tsaga ƙwarya. A rataye shi a wuri busasshe, nesa da ƙasa da zafin kwano, a ɗan sassauta tsirkiya, in fata ta saki a ɗan shanya shi a hantsi. Kada a shafa fenti, kada a liƙe tsaga da gam ɗin kanti, a nemi wanda ya san aikin. Abu mafi muhimmanci, a samu takarda a rubuta sunan wanda ya haɗa, da garinsu, da shekarar, tun dattawan da suka sani suna raye. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.