Daga Zurich zuwa Zuru: Menonawan da suka tsaya a bakin iyakar Zamfara

Motar da ta taso daga Tsafe, ta ratsa Gusau, ta wuce Bungudu, in ta kai mararrabar Mayanchi ta karya hagu, to Anka ta nufa, daga nan Daki Takwas, sai Zuru. A ƙarshen wannan hanya ne wasu Turawan mishan suka yada zango a 1925. Ɗariƙarsu reshe ce ta Menonayit, sunan da da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sa a kasuwar Gusau, alhali iyakar Zamfara ce kawai ta raba mu da inda suka zauna.

Asalinsu birnin Zurich ne na ƙasar Suwizalan. A watan Janairun 1525 wasu matasa suka ce ba a yi wa jariri baftisma, sai mutum ya mallaki hankalin kansa ya nema. Suka ƙara da cewa Kirista ba ya rantsuwa, ba ya ɗaukar makami, ko sarki ne ya kira shi yaƙi. Hukuma ba ta ɗauki maganar da wasa ba: a 1527 aka ɗaure ɗaya daga cikin jagororinsu, Felix Manz, aka nutsar da shi a kogin Limmat. Sunan da ya bi su daga baya na Menno Simons ne, wani limamin Katolika ɗan ƙasar Holan da ya ajiye muƙaminsa a 1536 ya shiga cikinsu.

Tun daga nan tarihinsu ya zama na ɗaure kaya. A 1683 iyalai 13 daga garin Krefeld na Jamus suka haye teku, suka kafa Germantown a Pennsylvania ta Amurka. Wasu suka amsa gayyatar Sarauniya Katarina suka tafi daular Rasha a 1789, bisa alƙawarin ba za a sa 'ya'yansu soja ba. Da aka fara warware alƙawarin a shekarun 1870, kimanin mutum 18,000 suka sayar da gonaki suka nufi Amurka da Kanada. Gida-gida suke tashi, da kaka da jika, kuma da yawansu a shafukan farko na Littafi Mai Tsarki na gidan suke rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Shi ya sa har yau jikokinsu ke iya lissafa maka kakanni har zuwa ƙauyen da aka baro.

Waɗanda suka zo Najeriya daga zuriyar Pennsylvania suka fito, wadda ta bazu zuwa Ontario da Indiana. A 1883 wasu ƙungiyoyinsu suka haɗe da sunan Mennonite Brethren in Christ. Mutuminsu na farko a nan shi ne Alexander Banfield, ɗan Kanada, wanda ya fara zuwa a 1901 ya zauna Patigi, sannan ya dawo a 1905 ya buɗe tasha a Shonga, bakin kogin Kwara. Ya ƙware a Nufanci har ya rubuta ƙamus, ya fassara Littafi Mai Tsarki, ya kafa maɗaba'a. Daga ƙasar Nufe suka riƙa hawowa arewa sannu a hankali: Jebba, Mokwa, Salka ta Kambari a 1923, sai Zuru. Wa da ƙani ne daga Indiana, Joseph da Paul Ummel, suka fi ɗaukar nauyin wannan ɓangare.

Me ya tsayar da su nan? Bayan cin Sakkwato a watan Maris na 1903, Gwamna Lugga ya yi alƙawarin gwamnatin Turawa ba za ta sa baki a addinin Musulmi ba, kuma razdan-razdan suka fassara wannan da hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakuna. Gusau ta Malam Sambo Ɗan Ashafa, da Bungudu, da Tsafe, duk suna cikin wannan shinge. Sai a shekarun 1930 aka ɗan sassauta, musamman ta hanyar jinyar kutare, kamar asibitin da mishan ɗin SIM ya riƙe a Amanawa. Cocin da ya yi ƙarfi a Gusau a jirgin ƙasa ya zo. Layin dogo daga Zariya ya ratsa garin ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kwaso akawuna da ma'aikatan tasha da 'yan kamfanonin auduga da gyaɗa daga kudu, suka zauna Sabon Gari da iyalansu da addininsu.

A Zuru kuwa, aikin da Hausa aka fi yin sa. Ƙasar tana da harsuna da yawa, Littafi Mai Tsarki kuma ya fito cikakke da Hausa a 1932, don haka wa'azi da waƙoƙi da karatun masu bishara duk suka koma Hausa. Makarantar Salka da asibitin Tungan Magajiya suna cikin abin da suka bari. A ganina, masu tarihin yaɗuwar Hausa ba su ba wannan mishan haƙƙinsa ba. Sunan Menno dai su da kansu suka jingine shi a 1947, suka koma United Missionary Church, wadda 'yarta a nan ita ce UMCA mai hedikwata a Ilorin.

Aƙidar ƙin makami ma ta riga ta yi sanyi a cikinsu kafin lokacin, domin wa'azin tuba da farfaɗo da imani ya fi cin ransu. Ko da sun zo da ita da zafinta, da sun sha aiki, don kuwa ƙasar da suka zaɓa ta yi suna wajen shiga soja tun zamanin Turawa. Yaron da ya yi golmo, ya shekara da shekaru yana noma wa surukai kafin a ba shi mata, horon bariki ba ya ba shi tsoro. Daga Zuru aka sami Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya hau gadon sarautar garin, da Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, babban hafsan sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999.