Ɗigon da Ke Kama Jini a Gilashi

Ranar da na fara koyon awon jini a wani ɗan ɗakin gwaji a Talata Mafara, maigidana bai nuna mini madubin likita ba. Wata kwalba mai ruwan ƙasa ya ajiye a gabana, ya ce in buɗe. Na buɗe, na tsaya ina leƙen ruwan da ke ciki, garau kamar na ƙorama. Sai ya daka mini tsawa: "Rufe ta, yaro! Iska take sha." Metanol ne. A ranar na koyi cewa yana zuƙar danshin iska kamar yadda gishiri ke yi da damina, kuma da ruwa ya shige shi aikinsa ya lalace.

Aikin nasa a wurinmu ƙarami ne, amma babu makawa sai da shi. Idan an tsaga yatsan mai zazzaɓi, ana shafa jini biyu a gilashi, mai kauri da siriri. Mai kaurin ba a bari metanol ya kusance shi. Siririn kuwa, idan ya bushe, sai a ɗiga masa, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya kama jajayen ƙwayoyin jini ya manne su yadda suke, sannan a zuba launi. Launin ma a cikin metanol ake narka shi, ko na Leishman da ya fito a 1901, ko na Giemsa na 1904. Fiye da shekara ɗari ke nan ba a sami abin da ya ture su ba.

A ƙasarmu ba mu taɓa rasa gilashin dubawa ba. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ruwa ya samu wurin kwana a magudanai da gonakin shinkafa, daga Maradun har Mafara da Bakura. Noman rani ya samu, sauro ma ya daina tafiya tare da damina. Da 'yan sandunan gwajin gaggawa suka shigo, aikin madubi ya ragu sosai, sai dai har yau idan likita yana son sanin yawan ƙwayoyin cutar a jikin yaro, kan gilashi muke komawa.

Daga baya na san asalin metanol ɗin. Da can daga itace ake tatsarsa: a dafa itace a rufe babu iska, a tare tururin. A 1661 Robert Boyle ya ware shi ta wannan hanya a Ingila. Duk sanda na wuce masu toya gawayi a bakin hanya sai in tuna, don a cikin hayaƙin nan da ke tashi a banza akwai ɗan rabonsa. A 1923 kamfanin BASF na Jamus ya fara haɗa shi daga iskar da ake samu a jikin kwal, cikin matsi mai tsanani. A 1966 kamfanin ICI na Ingila ya sauƙaƙa matsin da taimakon tagulla, daga nan iskar gas ta zama uwar sana'ar. Yau duniya na yin wajen tan miliyan 100 a shekara, ƙasar Sin ce a gaba, ita kuma galibi da kwal take yi.

Kwalbarmu ɗigo ce a wannan kogi. Wani babban rabo yana tafiya ne wajen yin sinadarin fomaldihaid, wanda da shi ake haɗa gam ɗin da ke riƙe filawud. Ke nan kafintan da ke ƙera gadon amarya a kasuwar Talata abokin cinikin metanol ne, ko da bai taɓa jin sunan ba. Haka mai fenti, haka mai askin da ke goge reza da sifirit, wanda akan surka masa metanol don kada a sha. Shan sa kuwa makanta ce ko mutuwa, saboda hanta na juya shi zuwa guba mai cin jijiyar ido. Shi ya kashe kusan mutum 20 a Ode-Irele ta jihar Ondo a watan Afrilun 2015, a cikin giyar gargajiya.

Namu ta jirgin ruwa yake sauka a Legas, ya hau mota zuwa Kano, mu saro shi ta Funtuwa da Gusau. A kowane zango akwai mai juye babbar jarka cikin ƙananan kwalabe, kuma a nan amana ke karyewa. Wata damina na sayi kwalba mai arha a hannun wani da ba zan ambata ba. Kwana uku ina ganin ƙwayoyin jini cike da 'yan ramuka masu sheƙi kamar an yi musu zanzana, ina ɗora laifi a kan launi. Ashe ruwa ne a cikin metanol ɗin. Sai da na aika aka dawo da yara bakwai na sake tsaga yatsunsu, suna kuka, iyayensu mata sun sake biyan kuɗin mota daga ƙauye. Abin yana cina har yanzu.

Mutanen gari sun ji sunan metanol a watan Fabrairun 2022, lokacin da hukuma ta sanar cewa fetur ɗin da aka shigo da shi daga Antwaf ta ƙasar Beljiyam yana ɗauke da shi fiye da ƙa'ida. Aka janye man, layi ya ɗaure a gidajen mai ko'ina, a daidai lokacin da injinan ban-ruwa ke neman fetur kullum don albasa da tumatir. Manoma da jarkoki suka koma hannun 'yan bumburutu.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne iskar da ake yin metanol da ita tana ci da wuta a sararin Neja Delta. Ikwatoriyal Gini ta fara tatsar nata a tsibirin Bioko tun 2001. Mu sai a Janairun 2021 aka sa hannu kan gina masana'anta a Brass ta jihar Bayelsa, da burin tan 10,000 a rana, kuma a lokacin gwamnati da bakinta ta ce duk metanol ɗin da muke amfani da shi na waje ne. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, shi nake sa wa ido, don Kano ce kasuwarmu.

Yanzu ni ke koyar da yara biyu. Sabuwar kwalba idan ta iso, sai mu gwada ta da jinin ɗayanmu kafin ta taɓa na majinyaci, mu rubuta mata ranar buɗewa da jan biro, mu tsiyayi na mako guda a ƙaramar kwalba, babbar kuma mu ɗaure bakinta mu kulle a kabad, nesa da randar ruwan sha.